Tallar Amfanin Gona ta Hanyar Intanet: Darasi Daga Rake da Tumatir na Makarfi, Kudan da Ikara

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara suna arewacin Jihar Kaduna, tsakanin Zariya da iyakar Jihar Kano. Allah ya albarkaci yankin da fadamu da ƙasar noma mai kyau. An san Makarfi da Kudan da rake da mazarƙwaila, Ikara kuwa da tumatir, har ma gwamnati ta kafa masana'antar sarrafa tumatir a garin a farkon shekarun 1980. Sai dai noma daban, sayarwa daban. Idan kaya suka yi yawa a kasuwa lokaci guda, farashi kan faɗi warwas, manomi ya sayar yadda dillali ya ga dama, domin ba shi da wani mai saye da ya sani bayan wanda ke tsaye a gabansa.

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, daga baya kuma wayoyi masu intanet suka bazu har ƙauyuka, wata ƙofa ta buɗe ta isar da labarin kaya ga mai saye na nesa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda injin bincike da tallan kuɗi suke aiki, sa'annan ta nuna cewa kowane irin kaya da hanyar tallan da ta dace da shi, gwargwadon kwanakin da zai iya yi bai lalace ba.

Yadda Injin Bincike Yake Aiki

Injin bincike manhaja ce da ke nemo wa mutum shafukan intanet da suka dace da kalmomin da ya rubuta. Mafi shahara shi ne Google, wanda Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa a 1998. Aikinsa ya kasu kashi uku.

Na farko shi ne yawon tattarawa. Wasu ƙananan manhajoji suna bin shafi zuwa shafi ta hanyar mahaɗan da ke tsakaninsu, suna kwafe abin da suka tarar. Na biyu shi ne tsara fihirisa, wato jerin kalmomi tare da shafukan da kowace kalma ta fito a ciki, tamkar wanda ake samu a ƙarshen littafin kimiyya. Saboda haka idan mutum ya rubuta "mazarƙwaila", injin ba ya zagaya duniya a wannan lokaci. Fihirisarsa kawai yake dubawa. Na uku shi ne jerantawa, wato yanke hukuncin shafin da zai zo a sama da wanda zai zo a ƙasa.

Dabarar da Page da Brin suka fito da ita, wadda aka sanya wa suna PageRank, ta yi kama da yadda ake gane ɗan kasuwa mai amana. Duk shafin da ya ɗora mahaɗi zuwa wani shafi, kamar ya yi masa shaida ne, kuma shaidar shafin da shi kansa aka yarda da shi ta fi nauyi. A yau ma'aunan sun yi yawa ƙwarai, amma tushen bai sauya ba: dacewar bayani da tambaya, da kuma ingancin mai bayanin. Ba a biyan Google kuɗi domin hawa wannan jeri. Sakamakon da aka biya wa kuɗi dabam yake, kuma ana yi masa alamar cewa talla ne.

Gyaran Shafi Domin Mai Nema Ya Same Shi

Abin da injin bai karanta ba, ba zai nuna shi ba. Don haka ƙungiyar masu dafa mazarƙwaila a Hunƙuyi, hedikwatar Kudan, ko wani mai tara rake a Tashar Yari, suna bukatar kula da abubuwa kamar haka:

1. A yi amfani da kalmomin mai saye, ba na mai sayarwa kaɗai ba. Mai nema daga Kano zai rubuta da Hausa, na Ibadan ko Legas kuwa da Turanci. Ya kamata a rubuta sunan kaya da harsunan biyu, tare da sunan gari.

2. A lura da haruffa masu lanƙwasa. A wajen kwamfuta, "ƙ" da "k" haruffa ne biyu masu lambobi daban-daban, kuma yawancin masu waya ba sa rubuta mai lanƙwasa. Hikima ita ce a sanya "mazarƙwaila" a kan magana, a kuma sanya "mazarkwaila" a wani wuri cikin bayanin.

3. A ba da cikakken bayani: nauyin curi ko kwali, farashi, mafi ƙarancin abin da ake sayarwa, yadda ake aikawa, da lambar waya mai aiki. Cusa kalma ɗaya sau da yawa ba bisa ƙa'ida ba yaudara ce da injunan bincike suke ganewa, suna kuma mayar da shafin baya saboda ita.

4. A ɗauki hoton kayan na gaskiya da hasken rana, domin gani ya kori ji. Amma a rage nauyin hoton, saboda shafin da ya daɗe bai buɗe ba, mai nema kan bar shi ya wuce.

5. A yi rajistar wurin sana'a a taswirar Google, ta hanyar Google Business Profile, wanda kyauta ne. Kamfanin ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera wuraren sana'a: dacewa da abin da ake nema, kusanci da mai nema, da kuma shahara, wadda ta haɗa da sharhin da abokan ciniki suka rubuta.

Wannan hanya ba ta cin kuɗi sosai, amma tana cin lokaci. Sabon shafi kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya sami matsayi.

Tallan Kuɗi: Gwanjon da Ba a Ganin 'Yan Tayi

Mai gaggawa yana iya sayen wuri. Google ya fara sayar da talla ta tsarin AdWords a shekarar 2000, aka sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. Duk lokacin da wani ya yi bincike, ana yin gwanjo cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya tsakanin masu tallan da suka zaɓi wannan kalma. Kowannensu ya riga ya faɗi iyakar abin da zai biya idan aka latsa tallansa. Amma ba lalle ne mafi tsadar tayi ya yi nasara ba, domin ana haɗa tayin da ingancin tallan da na shafin da yake kaiwa. Galibi ba a biya sai an latsa, kuma sau da yawa abin da ake cira bai kai iyakar tayin ba.

Tallan Facebook da Instagram ya sha bamban. A nan mutum bai nemi kome ba. Mai talla ne yake zaɓar gari da shekaru da sha'awar waɗanda za a nuna wa. Ke nan tallan Google kamar mai rumfa ne da mabukaci ya zo wurinsa da ƙafarsa, na Facebook kuwa kamar mai talla ne da ke bin unguwa-unguwa da faranti a ka. Sai kuma WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018. Shi kyauta ne, yana ba da damar jera hotunan kaya da farashinsu, kuma a nan ne yawancin ciniki yake ƙarewa.

Kowane Kaya da Tallansa

Ɗanyen tumatir kwanaki kaɗan yake yi, kuma daga wannan yanki zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 800. Wanda ya bari sai ya cika kwanduna sa'annan ya fara neman mai saye a intanet, ya makara. Abin da ya dace da tumatir shi ne tara lambobin masu sari, na kasuwar 'Yan Kaba ta Kano da na kudu, da masu gidajen abinci na Zariya da Kaduna, tun ana dashe, sa'annan a riƙa aika musu hoton gona da ranar da ake sa ran tsinka ta WhatsApp. Haka kuma kada a karɓi kuɗin kayan da ba a tabbatar da samunsu ba. Annobar tsutsar tumatir ta 2016, wadda ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, ta nuna cewa gona kan iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki.

Rake ya fi tumatir juriya, amma da zarar an sare shi zaƙinsa yakan fara raguwa, yana kuma bushewa. Ga shi da nauyi, kuɗin mota na cinye riba. Shi ɗan gajeren tallan kuɗi ne ya dace da shi a lokacin sara, wanda aka taƙaita ga garuruwan da mota za ta kai cikin yini ɗaya.

Mazarƙwaila da kauɗar tumatir kuwa suna yin watanni idan an adana su a busasshen wuri, kuma ana iya aika su a kwali. Su ne suka cancanci wahalar gina shafi da jiran injin bincike, domin duk ranar da mai nema ya zo, zai tarar da kaya.

Lissafin Riba da Hasara

Talla ba ta da amfani sai an auna ta. A ƙaddara, don misali kawai, an kashe naira 10,000 a kan tallan mazarƙwaila. An nuna shi sau 20,000, aka latsa sau 400, wato kashi 2 cikin 100, kuma kowace latsawa ta ci naira 25. Daga cikin masu latsawa mutum 40 suka aiko da saƙo, 8 suka sayi kwali ɗai-ɗai. Ke nan an kashe naira 1,250 kafin a sami mai saye guda. Idan ribar kwali naira 2,000 ce, an sami 16,000, a cire 10,000, saura 6,000. Idan kuwa ribar naira 1,000 ce, an sami 8,000, an yi hasarar 2,000, ko da mutum dubu sun yaba hoton. Yawan masu yabo ba shi ne ciniki ba.

Saboda haka a fara da kuɗi kaɗan. A fitar da talla iri biyu da suka bambanta a abu ɗaya tak, misali hoto, a ba su kuɗi daidai da kwanaki daidai, a riƙe wanda ya fi kawo masu saye. Wannan ita ce ƙa'idar gwaji da ake koyarwa a ɗakin kimiyya: a sauya abu guda, a bar sauran yadda suke. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Doka da Hattara

Abincin da aka ƙunshe a leda ko kwali da suna domin sayarwa yana bukatar rajistar hukumar NAFDAC. Dokar da ta kafa hukumar kula da talla ta ARCON a 2022 ta shafi tallan intanet, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da lambobin mutane nauyin kiyaye su. Bai halatta a ce mazarƙwaila tana maganin wata cuta ba. Ita ma sukari ce, mai ciwon sukari ya yi hattara da ita. Google Ads ba ya buɗe asusu ga wanda bai kai shekara 18 ba, don haka ɗalibi ya yi aiki a ƙarƙashin mahaifi ko malami.

Har ila yau, a guji mai alkawarin kai shafi saman jeri cikin mako guda, da mai sayar da mabiya na bogi. Kada a saki kaya saboda saƙon shigar kuɗi sai an duba asusun banki. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa don tabbatar da mai waya kuwa, ba a ba kowa su.

Kammalawa

Intanet ba ta sauya ɗabi'ar kaya ba: tumatir yana nan da saurin ruɓewa, rake da nauyinsa, mazarƙwaila da juriyarta. Abin da ta ƙara shi ne yawan masu sayen da manomi zai iya kaiwa gare su. Ɗalibin da ya iya rubutu mai tsabta da Hausa da Turanci, ya kuma iya lissafin kashi cikin ɗari, yana da abin da zai taimaki gidansu da shi tun kafin ya gama makaranta.

Aikin Gwaji

1. Ɗalibai su nemi "mazarƙwaila" da "mazarkwaila" a injin bincike, su kwatanta sakamako goma na farko na kowanne.

2. An kashe naira 6,000 a talla, aka sami masu saye 5. Nawa ne mafi ƙarancin ribar da kowane ciniki zai kawo kafin a mayar da kuɗin talla?

3. Kowane rukuni ya zaɓi amfanin gona ɗaya na garinsu, ya ƙiyasta kwanakin da yake yi bai lalace ba, ya bayyana hanyar tallan da ta dace da shi tare da dalili.