AWO KAFIN AIKI: DARASI A KAN FARFAƊO DA TSOHUWAR MOTA

Dalilin Wannan Darasi

Duk wanda ya zaga garejojin Jimeta da na cikin garin Yola zai tarar da motoci waɗanda suka girmi yaran da ke kwance ƙarƙashinsu suna gyara. Har yanzu akan ga Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, irin wadda masana'antar Kaduna ta daɗe tana haɗawa bayan ta fara aiki a 1975. Akwai kuma manyan motoci ƙirar Mercedes 911, da a-kori-kura masu bodin katako ko na ƙarfe, waɗanda ke ɗaukar hatsi da dabbobi da mutane a hanyoyin Mubi da Numan da Ganye. Sabuwar mota ta fi ƙarfin aljihun yawancin jama'a, saboda haka farfaɗo da tsohuwa ya zama tilas. Amma motar da aka gyara da kintace tana cinye dukiyar mai ita, wani lokaci ma har da rayukan fasinja. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai mota da bakanike cewa gyara na gari da awo yake farawa, da awo kuma yake ƙarewa.

Abin da Ido Ba Ya Gani

Kaurin silin gashin kan mutum bai cika kai kashi 10 cikin 100 na milimita ɗaya ba. To, ratar da ake bari tsakanin sandar da ke juyawa a cikin inji, watau karanshaf, da matashin da take kwance a kai, ba ta ma kai kaurin gashin nan ba a ƙananan motoci. A cikin wannan 'yar rata baƙin mai ke shiga ya hana ƙarfe cin ƙarfe. In ta yi yawa, ƙarfin turin mai ya faɗi, inji ya fara ƙwanƙwasa. In ta yi kaɗan, ƙarfe ya yi zafi ya cije. Babu idon da ke iya ganin wannan bambanci, kome daɗewar mai shi a sana'a. Don haka aka ƙera ma'auni mai suna maikiromita, wanda ke karanta kashi ɗaya cikin 100 na milimita. Garejin da ke buɗe inji alhali ba shi da shi, laluben duhu yake yi.

Matakan Gyaran Inji

Na farko, a wanke kowane ƙarfe sarai kafin a auna shi, a kuma ajiye shi inda ƙasa ba za ta taɓa shi ba. Ƙurar hunturu in ta gauraya da mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin inji.

Na biyu, a auna ramin silinda daga sama da tsakiya da ƙasa, domin ya fi cinyewa daga sama. In cin ya wuce ƙa'ida, sai a kai shi wurin masu injin gurzar ƙarfe su faɗaɗa ramin, galibi da milimita 0.25 ko 0.50, sa'an nan a sa fistan da zoben da suka dace da sabon faɗin. Ba kowane inji ake yi wa haka ba. Alal misali, injin fetur na 504 mai lita 2, wanda faɗin silindarsa milimita 88 ne, yana da kwasfa da ake zarewa a sa sabuwa. Wannan ya nuna amfanin duba littafin kamfanin da ya ƙera mota kafin a taɓa ta.

Na uku, a auna karanshaf. In ya tashi daga kewayayye ya koma kamar ƙwai, sai a wasa shi a injin wasawa, a rage shi da milimita 0.25 ko fiye, a sayo matashi mai kaurin da zai cike gurbin. Gogewa da takardar yashi a hannu ba ta maido da shi daidai.

Na huɗu, a duba murfin inji. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, motar da lagiretonta ya toshe kuwa nan da nan take tafasa, murfin ya kantare. A ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a ga ko akwai rata. In akwai, a kai a daidaita fuskarsa da inji, in ba haka ba kowane sabon gasket ƙonewa zai yi.

Na biyar, a ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa tsarin da littafin ya nuna. Sa dogon bututu a sifana ana dannawa da ƙafa yana miƙar da kusa har ta tsinke.

Shasi da Bodi

Shasi shi ne ƙashin bayan mota. Kafin a gina bodi a kansa, a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a kuma auna daga ta gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama. Lalle ne awon biyu su zo ɗaya. In sun saɓa, shasin ya karkace, motar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya. Kada a huda ko a yi walda a leɓen shasi na sama ko na ƙasa, domin nan nauyi ya fi matsawa, nan kuma tsagewa ke farawa. Kada a ƙara wa bodi tsawo ko tudu fiye da ƙa'ida don kwaɗayin lodi. Bodi mai tudu yana kifar da mota a kwana, mai tsawo ta baya kuwa yana rage nauyin tayoyin gaba har sitiyari ya daina jin magana.

Abin da Ba A Yi wa Faci

Akwai sassan da gyaransu ɗaya ne, watau sauyawa. Sandar sitiyari da ta tsage ba a yi mata walda. Gangar burki tana da iyakar faɗin da aka rubuta a jikinta, in an gurje ta ta kai nan, sai a yar. Tankin mai kuwa, ko da babu ɗigo a ciki, tururin fetur da ya rage yana iya fashewa da zarar wutar walda ta taɓa shi.

Inda Ake Samun Horo

Koyo a hannun maigida yana da daraja, sai dai ya kamata a haɗa shi da ilmin awo. Gwamnatin Tarayya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku ga makanikai da masu walda. Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, wadda aka kafa a 1981, tana koyar da aikin injiniya. Ya kamata iyayen gida su ƙarfafa wa yaransu gwiwa su nemi takardar shaida.

Gargaɗi ga Mai Mota

Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike awon da ya samu da wanda littafi ya ce, a rubuta masa a takarda, a kuma nuna masa tsofaffin kayan da aka cire. Kada ya matsa a gama aikin mako cikin kwana biyu, kada kuma ya zaɓi gareji don sauƙin kuɗi kaɗai, gama araha ba ta ado. Bayan an gama, ya tuƙa motar a hankali ba tare da lodi mai nauyi ba, ya sauya baƙin mai da wuri. Motar haya amanar rayukan jama'a ce, kuma wannan amana tana wuyan bakanike kamar yadda take wuyan direba.