Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Tsara Mutum-mutumin Gasa a Kwamfuta

Malamin da ya ɗauki nauyin shirya ɗalibai domin gasar mutum-mutumi, irin wadda ƙungiyar FIRST ta Dean Kamen take gudanarwa a Amurka tun 1992, wajibi ne ya zaunar da su a kan littafin dokoki kafin kowa ya taɓa kwamfuta, gama a can ne haddin aikin yake. A rukunin FIRST Tech Challenge, alal misali, an sharɗanta cewa a farkon wasa kada na'urar ta wuce inci 18 ta kowace fuska. Daga nan sai takarda da fensir, a yi shawara a kan abin da za ta ɗauka da inda za ta kai shi.

Bayan haka ne za a buɗe manhaja, ko Onshape ko SolidWorks. A ganina darasin farko ba a kan allo yake ba: a miƙa wa yaro boris guda da ma'auni, ya auna raminsa da kaurinsa da kansa, sa'an nan ya zana shi, ya ba kowane layi gwargwadonsa, ya ja zanen har ya yi jiki. Injin juya taya, da giya, da noti, masu sayar da su sun riga sun zana, ɗaukowa kawai za a yi.

Harhaɗawa ita ce asalin mas'alar, kuma a nan ya kamata malami ya yi jinkiri, domin ɗalibi yakan jawo taya ya ajiye kusa da sandarta, ya ga ta zauna daidai a ido, ya zaci ya gama, alhali bai shaida wa manhajar alaƙar da ke tsakaninsu ba. Sai a kafe gangar jikin tukuna, kana a bi sassa ɗaya bayan ɗaya bisa tartibi, ana fayyace hukuncin kowanne: wannan ɗaure yake, wannan juyawa kaɗai zai yi, wancan zamewa. Hannun na'urar da abin ɗauka a haɗa kowanne daban, da sunan da kowa zai gane, kafin a ɗora su a kan gangar jikin.

Saura muraja'a, wadda nake roƙon malamai kada gaggawa ta sa su tsallake ta, saboda allo yana karɓar abin da ƙarfe ba zai yarda da shi ba. A motsa hannun daga ƙasa har ƙarshen miƙewarsa, a duba ko ya ratsa wani sashe. A sa manhajar ta lissafa nauyi, a ga ko batir ya yi sama har na'urar ta kife in ta ja birki. Sa'an nan malami ya nuna noti guda a can cikin lungu, ya ce, "Yaro, ta ina sufana za ta shiga?" In amsa ta samu a kan kowane noti, sai a fitar da zane a tafi yankan alminiyam.