Filin Manoma: Faifan Buɗa Ƙafar Akori-kura, Amfaninsa da Illarsa

Ga kaka ta kama, akori-kura ba su da hutu, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa. A irin wannan lokaci ne masu mota kan ji ana cewa su sa wani faifan ƙarfe a ƙafafun motarsu, wai don ta ƙara zama daram. To, kafin manomi ya fid da kuɗinsa, ya kamata ya san abin da zai samu da abin da zai rasa.

Shi wannan faifai, makanikai suna kiransa sifesa. Ana sa shi ne tsakanin wili da gindin da wilin ke zama a kai, watau hob. Aikinsa guda ne, ya tura ƙafa waje. Iri biyu ne. Akwai siriri, mai kaurin milimita 3 zuwa 5, wanda ake zura shi kawai a kusoshin motar. Akwai kuma mai kauri, daga milimita 25, watau inci guda, zuwa sama. Shi wannan ana ɗaure shi a hob da noti, sa'an nan a ɗaure wili a nasa kusoshin.

Amfaninsa na fari shi ne ba taya fili. Mutum ya sayi manyan tayoyi saboda laka da rairayi, in ya karya sitiyari sai ya ji suna gugar sifirin ko jikin mota. Faifai yakan kawar da wannan. Na biyu, yana buɗa tsakanin ƙafafu, mota ta ɗan rage rinjaya a kwana. Amma ku lura da lissafi. Tsakanin ƙafar hagun da ta dama a mota irin Toyota Hilux wajen mita ɗaya da rabi ne. In an sa faifan inci guda kowane gefe, an ƙara milimita 50 ke nan, kashi ɗaya cikin talatin kacal. Wanda ya tula buhuna har suka wuce kan direba, wannan ɗan ƙari ba zai hana motarsa kifewa ba.

Sai illa. Ku ɗauki bokiti cike da ruwa ku riƙe shi kusa da jiki, sa'an nan ku miƙe hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa ta ji a jikinta. Haka boris ɗin ƙafa yake. Da zarar an tura taya waje, nauyi ya yi nesa da inda maƙera suka shirya masa, boris ya riƙa cinyewa da wuri. A ƙafafun gaba kuwa, kowane rami da taya ta faɗa sai sitiyari ya fizgi hannun direba fiye da dā, gaɓoɓin sitiyarin kuma su yi saurin sakwarkwacewa. Bayan haka taya takan leƙo waje daga madigadi, ta riƙa watsa laka da tsakuwa ga mota da masu tafiya a gefen hanya.

Babban haɗari yana ga kusoshi. Siririn faifai yana cinye tsawon kusa, noti ya rasa isasshen wurin kamawa. Ƙa'ida ita ce noti ya shiga aƙalla gwargwadon kaurin kusar. Kusar Hilux kaurinta milimita 12 ne, saboda haka sai noti ya juya sau 8 cif kafin ya ɗaure. In bai kai ba, a cire faifan. Ƙafar da ta fice ana cikin gudu da kaya ba ta sallama.

Abin da ya fi muhimmanci manomi ya riƙe shi ne, faifai ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da mudu guda. Motar da aka ƙera don tan ɗaya, watau buhu goma masu kilo 100, tana nan a tan ɗayanta.

Wanda tayarsa ke guga, ba makawa sai ya sa, to, ya kiyaye waɗannan. Ya zaɓi mafi sirantar da zai biya bukata. Ya nemi wanda raminsa na tsakiya ya zauna daidai a bakin hob, ba ya motsi, in ba haka ba mota za ta yi rawa a kan gudu. Kada ya sayi na zubi mai araha, gama araha ba ta ado. A kankare tsatsa da ƙasa kafin a ɗaura, kuma kada a haɗa faifai biyu wuri guda. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a kwance ƙafa a sake ɗaure notunan ciki, don su ba a ganinsu daga waje.

Wanda kuwa tayarsa ba ta gugar kome, aikin motarsa kuma jigilar hatsi ne, ya bar ta yadda take. Kuɗin faifan ya sa su a taya mai kyau da birki, ya shimfiɗa kayansa ƙasa ƙasa, ya yi sawu biyu maimakon ɗaya.