Hukuncin Kafa Teburin Taba a Ƙofar Makaranta da Masallaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wanda ya san karkarar arewacin Kano, kamar ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi, ya san cewa gida na jikin gida ne, gona na jikin gona. Sau da yawa masallaci da makarantar allo da firamare da teburin mai tireda duk a dandali ɗaya suke. A kan teburin nan akwai alewa da ashana, akwai kuma sigari da ake sayarwa kara-kara, kuma yaro ake aike ya sayo. To, shin shugabanni suna da ikon su ce da mai tebur ya ɗaga daga nan, alhali da kuɗinsa ya kafa sana'arsa?

Da farko, lalle malamai sun yi saɓani a kan taba kanta tun lokacin da ta shigo ƙasashen Musulmi wajen ƙarshen ƙarni na 16. Shaihu Ahmadu Baba na Timbuktu da Shaihu Aliyu al-Ujhuri na Masar sun halatta ta, bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. Shaihu Ibrahim al-Laƙƙani, mai Jauhara, ya hana ta. Dukansu kuwa Malikawa ne. Amma fa a zamaninsu likitoci ba su gano abin da aka gano daga baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. Saboda haka ne mafi yawan malaman wannan zamani suka karkata ga haramci.

Sai dai mas'alar wurin sayarwa ba ta jiran a gama wannan saɓani, domin a babin cutar da maƙwabci take. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Mai Risala ya gina a kansa cewa ana hana mutum abin da zai cuci maƙwabcinsa ko da a cikin mulkinsa ne. Mai Muhtasar kuma ya ambaci hukuncin hana hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema. Gidan wanka halal ne, jima ma halal ce, amma duk da haka alƙali yana hana a kafa su inda za su cuci jama'a. Haka nan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci, alhali cinsu ba haramun ba ne. Idan an nisantar da halal saboda warinsa, ina ga abin da yake da wari, yake kuma koya wa yaro ɗabi'ar da barinta ke da wuya?

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana busa ta a makarantu da asibitoci. Tsarin mulki na 1999 kuwa ya sa kula da kasuwanni da kantuna da ƙananan rumfunan saye da sayarwa a hannun ƙananan hukumomi. Ashe ke nan ba iko aka rasa ba, mai aiki da shi aka rasa.

Amma wajibi ne a yi gyara da adalci. Mai tebur ɗan gari ne, da ribar nan yake ci da iyalinsa. Abin da ya dace shi ne mai unguwa da liman da shugaban makaranta su fara yi masa nasiha a asirce, su ba shi zaɓi: ko ya kwashe taba daga teburinsa ya zauna inda yake da sauran hajarsa, ko kuwa sarkin kasuwa ya yanka masa wuri nesa da hanyar yara. In ya ƙi, sai a kai magana gaban dagaci, daga nan ga hakimi da ƙaramar hukuma. Bai halatta samari su kifar masa da kaya ba, domin dukiyar Musulmi tana da alfarma, kuma ba a gusar da cuta da cuta irinta. Kada kuma a ɗaga talaka a bar ɗan mai gari, don wannan zalunci ne.

Daga ƙarshe, uban da ke aiken ɗansa sayen sigari ya sani shi ne ya fara nuna masa hanyar teburin, kuma za a tambaye shi a kan kiwon da aka ba shi. Allah ne Mafi sani. Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, amin.