Kafin Likita Ya Faɗi Sunan Ciwon

Ɗana, Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne. Na san abin da ke hana ka barci. Mutum yana kwance, kullum ƙara ramewa yake, an ɗebi jini, an yi hoto, amma har yau babu wanda ya ce maka ga ciwon da ke damunsa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda aka faɗa wa cutarsa, ko da mai nauyi ce, ya san inda zai sa gaba. Kai kuwa kullum amsar ɗaya ce: sai sakamako ya fito.

Ka sani, yawancin wannan jinkirin ba sakaci ba ne. Cututtuka da yawa kamanninsu ɗaya a farko. Tari mai daɗewa, rama, zufar dare da ƙin abinci, tarin fuka yana kawo su, ciwon daji ma yana kawo su. Na farkon maganin wata 6 ne, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kuma ana warkewa sarai. Na biyun hanyarsa daban ce. Likitan kirki ba zai ɗora mahaifinka a kan ɗaya don ya kwantar maka da hankali kawai ba. In aka yanki ɗan nama don a duba, sai an sarrafa shi a ɗakin gwaji kafin a gane abin da ke ciki, kuma hakan kan ci mako ɗaya ko biyu, wani lokacin ya fi. Akwai ma ranar da za a ce abin da aka ɗebo bai isa ba, a sake. Ka daure.

Abin da ke hannunka shi ne ka riƙe zare ɗaya. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da aka yi kowane gwaji, da sunan kowane magani, da abin da ya ci ko ya ƙi ci. Takardun ka haɗa su a jaka ɗaya. Ka kasance a bakin gado da safe lokacin da manyan likitoci ke zagaye, don a nan ake yanke shawara. Ka tambaya da ladabi: me kuke zato, wane gwaji ne zai raba gardama, yaushe zai fito? In suka ce a wuce babban asibiti, na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, ku tafi da takardar turawa da duk hotunan da aka yi, kada a koma farko.

Masu dubiya za su zo, Allah ya ba su lada, kuma kowa da likitancinsa a baki. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce ga wani mai magani a ƙauye kaza, wata ta zo da jiƙo a gora. Ƙauna ce ta kawo su, ka yi musu godiya. Addu'a da tofi ba sa hana allura aiki, a yi ta yi. Amma duk abin da zai shiga cikinsa, sai likita ya sani. Ƙodar da ta gaji ba ta jure sassaƙen da ba a san ƙarfinsa ba, haka ma magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ana sha barkatai. In an riga an ba shi wani abu a gida, ka faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Na sha ganin 'ya'ya sun kai ubansu asibiti, cikin 'yan kwanaki ya tashi daga maigida ya koma abin lallaɓawa. A ja likita waje a yi ƙus-ƙus, a dawo da murmushi a ce masa da sauƙi. Dattijon da ya riƙe gida shekara da shekaru ya fi ku iya karanta fuska. Ya san ana ɓoye masa wani abu, kuma zaton da zai yi shi kaɗai cikin dare ya fi gaskiyar muni. Ka zauna kusa da shi ka ce, "Baba, har yanzu suna bincike, ga abin da suke zato. Kana so a faɗa maka duk abin da ya fito, ko in ji in sanar da kai?" Wani uban zai ce a faɗa masa kome, wani zai ce na bar maka. Kowanne ya zaɓa, shi ya zaɓa.

Kuma ka ci gaba da kai masa maganar gida. Ka tambaye shi ko a sayar da hatsin bana ko a ajiye, ka nemi shawararsa kan auren ƙanwarka, ko da ka san amsar. In ya ɗauko zancen bashin da ake binsa ko wasiyya, kada ka katse shi da "haba Baba, daina faɗin haka". Ɗauko biro ka rubuta. Wasiyya ba ta kawo ajali, nauyi take saukewa. In zai yi salla, ka taimaka masa da alwala ko taimama, ya yi a zaune ko a kishingiɗe. In lalura ta kai ga wanka da kai shi bayan gida, kai da ƙannenka maza ku yi, a ja labule, a rufa masa jiki, kada a bar shi yana jin nauyin surukai. In ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada kwanciya ta yi masa gyambo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba kwanan asibiti, wanda yake nesa ya ɗauki kuɗin gwaji, a rubuta abin da kowa ya kawo tun yanzu don kada jinya ta haifi rigima. Ka sa ido a kan mahaifiyarka. Ba za ta ce ta gaji ba, kuma in mai hawan jini ce, irinta ke mantawa da nata maganin a irin wannan lokaci. Ka sa wani ya mai da ita gida ta yi barci, ko da ta ƙi, ka ce Baba ne ya ce.