Darasi kan lafiya: Ciwon da ke satar gani

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, darasinmu na yau kan ciwon ido ne. Lokotoro suna ce da shi gulokoma. Wasu na ce da shi hawan jinin ido. Amma ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne.

Yaya ciwon yake?

Cikin idon kowane mutum akwai wani ruwa mai ciyar da ido. Kullum sabo yana zuwa, tsoho yana fita ta wata ƴar hanya. In hanyar ta toshe, sai ruwan ya taru, ya matse jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Sai jijiyar ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan.

Mafi yawan lokaci babu zafi, babu ja, babu kwantsa. Kamar gara ce cikin rumbu: tana ci, mai rumbu bai sani ba. Ganin gefe ne ke fara tafiya. Mutum yana ganin abin da ke gabansa, amma ba ya ganin jakin da ya ɓullo ta gefe. Daga baya sai ya zama kamar mai leƙe ta cikin ƙaramin rami. Ƙarshe sai makanta.

Kada mu haɗa shi da yanar ido. Mai yana, in an yi masa aiki, yana sake gani. Ganin da gulokoma ta ci ba ya dawowa. Amma in an gane ta da wuri, ana iya tsare ganin da ya rage.

Wa ciwon ya fi kamawa?

1. Baƙar fata. A birnin Baltimo na Amurka an auna idon baƙaƙe da turawa. Sakamakon ya fito a 1991. An tarar ciwon ya fi yawa ga baƙaƙe, kuma yana kama su tun da sauran ƙarfinsu. A Amurka baƙaƙe su ne kaɗan. A nan kuwa mu duka ne.
2. Wanda ya kai shekara 40.
3. Wanda uwa, ko uba, ko wa, ko ƙane ke da ciwon.
4. Wanda ya taɓa bugewa a ido.
5. Wanda ke ɗiga maganin ido na kasuwa ba da izinin lokotoro ba. Wasu magungunan suna ƙara taruwar ruwan.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun yi babban awon ido daga 2005 zuwa 2007. Cikin mutum 100 masu shekara 40 ko fiye, kusan 5 suna da gulokoma. Cikin masu ciwon, 1 cikin 5 ya riga ya makance. Mafi yawansu ba su san suna da shi ba.

Mi ya kamata mu yi?

Mu je awon ido tun muna gani. Awon ba ya da zafi. Lokotoro yana auna ƙarfin ruwan ido, yana haska fitila ya dubi jijiya, yana gwada ganin gefe.

Ko kana Matankari, ko Dan Kasari, ko Gesheme, ko Kore Mairuwa, fara zuwa likitar da ke kusa da kai. Tambayi inda ake awon ido. Za a ba ka takarda zuwa Dogon Dutsi, ko Doso, ko babban asibitin Yamai.

In an ba ka maganin ɗigawa, ka ɗiga kullum, ko damina ko rani. Kada ka bari don ba ka jin zafi. In azumi ya zo, tambayi lokotoro lokacin ɗigawa. In ya ce aiki za a yi, kada ka gudu. Kuma ka kai ƴan uwanka na jini, maza da mata, su ma a auna su.

In ido ya yi ja farat ɗaya, da zafi mai tsanani, da ciwon kai da amai, kada a kwana gida. A tafi likita ranar nan.

Tambayoyi

1. Mi ya raba gulokoma da yanar ido?
2. Su wa ya kamata su fara zuwa awo a gidanku?
3. Lissafi: wani gari yana da mutum 200 masu shekara 40 ko fiye. In 5 cikin 100 suna da ciwon, mutum nawa ke nan?

Ku karanta wa waɗanda ba su zo makarantar yaƙi da jahilci ba, musamman tsofaffinmu.