Darasi: Gajiyar Ƙasa

A Zongon Kwatano ana shan kokon masara kowace safiya. Amma masarar ba a cikin gari ake noma ta ba. Daga ƙauyuka ake kawo ta a mota. Wata tana fitowa daga tudun Aja, a kudu maso yammacin Benin, inda ƙasar take ja.

Masara tana da ci ƙwarai. Babban abincinta shi ne wani sinadari da ake kira azot. Azot yana da yawa cikin iska, wajen kashi 78 cikin 100. Duk da haka masara ba ta iya shan sa daga iska. Sai ta cikin ƙasa take samun sa, daga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Wasu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, su ne suke ruɓar da waɗannan abubuwa har saiwa ta iya tsotsa.

A da, manomi yakan noma gona shekara biyu ko uku, sa'an nan ya bar ta saura. Ciyawa da itatuwa su fito, ganye ya zuba ya ruɓe, ƙasa ta mai da ƙarfinta. Da mutane suka yi yawa a tudun Aja, sai gonaki suka yi kaɗan. Aka daina barin saura. Ga shi kuma a kudu damina biyu ce a shekara, saboda haka ana shuka sau biyu. Kowane girbi yana kwashe azot zuwa kasuwa. Ruwan sama yana wanke wani, musamman a gangare. In an ƙone kara, wani ya bi hayaƙi. Sai masara ta tsumbure, ganyenta na ƙasa ya yi rawaya, tofa ta cinye gonar.

A ƙarshen shekarun 1980, manoman ƙauyen Zuzuvu suka gwada wani tsiro mai suna mukuna, tare da masu binciken aikin gona. Mukuna ɗan'uwan ƙarara ne, amma irin da ake shukawa ba ya sa ƙaiƙayi. Dangin wake ne. In an tumɓuke shi za a ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa. A cikinsu akwai ƙananan halittu masu kama azot daga iska, su ba tsiron.

Ana shuka mukuna tsakanin layukan masara. Bayan girbi sai ya yaɗu, ya rufe gonar ruf. Tofa ta rasa rana, ta mutu. Wannan ne ya fara burge manoma, domin tofa wuyar nomewa gare ta. Da rani ganyen ya bushe ya zama taki, masarar da ta biyo baya ta yi kyau. A cikin shekarun 1990 dubban manoma sun shuka shi. Amma akwai wuya: mukuna yana cinye ƙaramar damina, kuma ba a cin ƴaƴansa kamar na wake. Mai ƙaramar gona ba kullum yake iya haƙura da girbi guda ba.

Tambayoyi
1. Daga ina masara take samun azot?
2. Me ya sa aka daina barin saura a tudun Aja?
3. Ku shuka wake a gwangwani. Bayan mako 5 ku tumɓuke shi, ku zana saiwarsa.